Ranar da Baba Majigi Ya Tsayar da Fasto

In ka sauka a Kafanchan ka tambayi inda Zamani Yafet yake, za a yi ta kallon ka ana sosa ƙeya. Amma ka ce Baba Majigi, ko mai tallan lemo a tasha za ta nuna maka hanya: ka bi bayan kasuwa, ka wuce masu gyaran mashin, za ka ga wani dogon gini mai jan kwano da faffaɗar ƙofa. Nan ne gidan kallonsa. Yana da gida kamar kowa, amma a nan ake samun sa, kuma matarsa Tamar ta daɗe da daina ƙorafi, tunda ita ma a bakin ƙofar take wuni da farantin gyaɗa da bokitin kunu.

Haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Kagoma, ɗan manomin citta. Da ya bi ta ubansa, da yanzu yana can yana yanka citta yana shanyawa a kan dutse. Sai dai tun yana yaro wata mota ta shigo ƙauyensu da majigi, aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta, aka nuna yadda ake haƙa masai da yadda ake tafasa ruwan sha. Ba labari, ba faɗa, ba soyayya, amma duk ƙauyen ya zauna baki buɗe. Sauran yara suna kallon ƙyalle, Zamani ya juya musu baya yana kallon injin da hasken ke fitowa daga cikinsa. Daga ranar ubansa ya yi asarar manomi.

Ya fara da ɗaukar kaya wa wani mai nuna fina-finan mishan, har ya iya aikin. Daga baya ya sami tsohon inji na kansa, ya ɗaure shi a bayan mashin, ya dinga bin ƙauyuka, yau Zonkwa, gobe can cikin Kagoma, duk inda aka ba shi fili da wurin kwana. Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama, sai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Malam Kaleb, ya ba shi hayar wannan dogon gini. Tamar ce ta haɗa zannuwan gado ta ɗinka masa ƙyallen kallo, ɗinkin kuwa ya sauko ta tsakiya, shi ya sa duk ɗan wasan da ya tsaya a tsakiyar ƙyallen sai ka ga layi ya raba masa hanci biyu. Mutanen Kafanchan sun saba, har wasu in sun ga fim a wani wuri sai su ce fuskokin sun yi musu wani iri.

Abin da ya sa ake zuwa wurinsa ba injin ba ne, bakinsa ne. Baba Majigi ba ya barin fim ya yi magana shi kaɗai. Yana zaune kusa da inji riƙe da makirufo, yana fassarawa da Hausarsa ta Kafanchan wadda ba ruwanta da namiji ko mace, yana raɗa wa 'yan wasa sunayen mutanen gari. Mugun cikin fim ya zama mai gyaran taya na bakin tasha, kyakkyawar ta zama 'yar wani dattijon ikilisiya, kowa ya fashe da dariya har da mai gyaran tayar. Ba ya fara kallo sai manya sun zauna. In tsohuwa ta shigo a makare, sai ya tsayar da fim ya ba ta labarin abin da ya wuce ta. Abin da ya fi ba samari haushi kuwa shi ne, duk lokacin da wani a cikin fim ya yi tambaya mai nauyi, sai Baba ya danna inji komai ya tsaya cik, ya juyo ya ce, "To, ku me kuka ce?" Sai gardama ta kaure, mata a gefe guda, maza a gefe guda, samari suna roƙo, "Baba, sake shi mana." Ba ya saki sai an ba da amsa. Suna gunaguni, amma gobe su ne a bencin gaba.

Sai ga shekarar korona. Aka rufe coci, aka rufe makarantu, aka datse hanyoyi. Wanda ya hana sujada ai ba zai bar gidan kallo ba. Baba Majigi ya naɗe ƙyallensa, ya lulluɓe inji da tsohon bargo, ya koma gida ya zauna. Mutumin da ya saba magana tun la'asar har rana ta faɗi, wai shi aka ce ya yi shiru. Wata rana Tamar ta fito daga kicin ta same shi a kan kujera yana yi wa kaji fassara, wai zakaran nan baƙin mugu ne, kazar can ta gano shi amma tana ɓoyewa. Ta koma ciki ta yi dariya har da hawaye. Daga baya kuma tausayinsa ya kama ta, don ta san ba wasa yake yi ba, kewa ce ta ishe shi.

A cikin kullen ne wani dillalin citta, Justin, mutumin Zonkwa, ya rasa inda zai sa kayansa, don manyan motocin da ke kwasa sun tsaya. Malam Kaleb ya riga ya rasu, ginin yana hannun matarsa, Mama Afiniki. Justin ya roƙe ta aron wurin, ta tambayi Baba Majigi, shi kuma ya ce ai gara buhu da ɓera. Da hannunsa ya taya aka jingine bencina a bango, aka shiga jera buhunan busasshiyar citta har suka kusa taɓa kwano.

Da aka buɗe gari, Justin ya kwashe kayansa, Baba ya yi 'yar shara sama-sama don ɗoki, ya rataye ƙyalle, ya sa aka yi shela. Mutane sun zo, ba laifi, kowa da takunkuminsa a ƙarƙashin haɓa. Aka tayar da janareta, fankar sama ta fara juyi, duk ƙurar cittar da ta kwanta a kan katakon rufi ta sauko a hankali kan jama'a. Wani tsoho ya yi atishawa. Aka waiwaya aka dube shi. Na kusa da shi ya yi tasa, sai wata mata a baya ta sarƙe da tari. Wata ta ce, "Jinin Yesu," ta suri jakarta. Kafin ka ce me, ƙofar nan mai faɗi ta yi wa mutane kaɗan, bokitin kunun Tamar ya kife, gyaɗa ta watse har bakin titi. Baba Majigi ya ɗaga makirufo zai ce musu citta ce kawai, ba korona ba, sai shi ma atishawa ta ƙwace masa a cikin lasifika, wadda masu gyaran mashin suka rantse sun ji ta daga rumfarsu.

An yi mako ana ba da labarin ana dariya, amma ba a dawo ba. Gaskiyar magana ba cittar ce kaɗai ta kore su ba. A zaman kulle kowa ya koyi kallo a waya, kana kwance a tabarmarka, ba mai tsayar maka da fim ya tambaye ka ra'ayinka. Baba ya gwada nuna ƙwallo, samari suka ce gidan ƙwallon wajen tasha ya fi shi yawan talabijin. Ya gwada tsofaffin fina-finan da a da ake cika masa gida saboda su. Wasu ranakun masu kallon ba su cika benci ɗaya ba, kuma duk da haka sai ya ɗauki makirufo ya yi musu fassara da dukan ƙarfinsa.

A irin wannan yammaci ne Mama Afiniki ta shigo. Doguwar mace ce, ta daɗe tana shugabancin Zumuntar Mata a ikilisiyarsu, ba ta ɗaga murya don ba ta taɓa bukatar haka ba. Ta tsaya ta dubi bencina, ta dubi ƙyalle, ta jira aka watse.

"Zamani," ta ce, "Justin ya sake zuwa. Yana so ya karɓi ginin gaba ɗaya, ya fasa bangon baya mota ta riƙa shiga."

Baba ya ce, "Na ji, Mama."

"Na ce ya jira sabuwar citta ta fito. Marigayi ya ba ka wurin nan ne don yana son jin hayaniyar mutane. In mutane sun dawo, ka zauna. In ba su dawo ba, ka kawo mini makulli da hannunka, kada ka sa in aiko."

Ba mugunta ba ce, shi ma ya sani. Amma ranar bai ci tuwo ba, ya dai ɓata shi da yatsa ya ture kwanon.

Damina ta yi nisa, ganyen citta a gonaki ya fara ja, abin da Baba bai taɓa kula da shi ba tun da ya bar gidan ubansa, yanzu kullum sai ya duba. Wata safiya ya tarar Tamar ta zazzage akwatinta tana shanya kaya don kada su yi fumfuna. Ta ɗago wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye, sabuwa ful, ɗinkakkiya, ta yi tsaki.

"Dubi ankon auren Eli," ta ce. "Ko sau ɗaya ban sa ba."

Eli shi ne autan Mama Afiniki, yana aiki a Kaduna, yana zaune a Sabon Tasha. Zai auri wata nas mai suna Patricia. Mama da kanta ta zaɓi atamfar, duk matan Zumunta suka ɗinka, suka yi ta koyon waƙoƙin da za su raka amarya da su, har an yi maganar bas ɗin da za ta kwashe su. Sai kulle ya faɗo. Ba wanda ya san ranar da za a buɗe hanya, ga shi an riga an sa rana, sai Eli da Patricia suka shiga coci da 'yan mutanen da doka ta yarda da su, aka ɗaura. Wani abokin Eli ya ɗauki bidiyo da waya, aka turo wa Mama. Ko taɓa wayar ba ta yi ba. Ta ce yaron da ta goya a bayanta ba za ta kalli aurensa a tafin hannu ba. Tun daga nan in aka tambaye ta lafiyar amarya sai ta ce, "Wace amarya? Ni ban ga an ɗaura aure ba." Eli da Patricia sun zo Kirsimeti, ta dafa musu, ta amsa gaisuwa, amma har suka koma ba ta kira Patricia da komai ba sai baƙuwar Eli. Yarinyar ta yi kuka a bayan ɗaki, Tamar ta gani da idonta.

Baba Majigi ya san labarin, duk gari ya sani. Amma ranar sai ya ji shi daban. Ya daɗe yana kallon atamfar a kan igiya.

"Tafin hannu ta ce?"

"Haka ta ce."

"Ai ƙyallena ya fi tafin hannu."

Tamar ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. "Baban yara, in ka fama wa matar nan wannan gyambon, ba sai sabuwar citta ta fito ba, gobe za ka kai makulli."

Masu surutu sun ce dabara ce ya yi don ya ceci gininsa. To, mutum ne, ba za a rasa ɗan wannan a ciki ba. Amma wanda yake neman ya zauna lafiya da mai gida ba ya zuwa ya tono abin da ya fi yi mata ciwo a gaban jama'a. Baba ya kira Eli a waya ya gaya masa shirinsa, Eli ya ce, "Baba, in ta tashi ta fita fa?" Baba ya ce in ta fita su biyu ne za su sha kunya, kuma shi ya girme shi, zai ɗauki kaso mafi yawa. Eli ya sa bidiyon a filas na kwamfuta ya ba wani direban bas ya kawo. Baba ya rufe ƙofa ya kalla shi kaɗai. Hoton yana rawa, sautin ba daɗi, cocin wayam. Amma akwai wani wuri a ciki da ya sa ya cire tabarau ya goge ido, ya mayar baya ya sake kallo.

Wannan karon ba a yi sharar ganin ido ba. Tamar ta kira matan Zumunta, aka ɗaura tsintsiya a dogon gora aka kakkaɓe rufi, aka wanke daɓe da sabulu, aka wanke ƙyalle aka shanya shi a tsakar rana. Sannan ta ɗauki mata biyu suka tafi gidan Mama Afiniki, suka durƙusa yadda ake yi in an zo gayyata.

"Mama, an gayyace ki ɗaurin aure ranar Asabar. An ce a sa anko."

"Auren wa?"

"Na ɗanki, Mama. A gidan kallo."

Mama Afiniki ta ci gaba da tsince accar da ke kan farantinta. Can ta ce, "Ku tashi, gwiwoyinku za su yi ciwo." Ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma ce ba za ta zo ba.

Ranar Asabar tun da hantsi aka ɗora tukwane a bayan ginin, shinkafa a nan, gwaten acca a can. Bayan azahar mata suka fara ɓullowa ta kowace kwana cikin shuɗiyar atamfa mai zanen ganye. Allah Sarki, zaman kulle ya yi aikinsa: rigar da aka auna kafin korona ba ta san abin da ya faru bayanta ba. Wata ta bar zif a buɗe ta yafa gyale, wata tana tafiya ba ta iya sauke hannu, suna nuna juna suna shan dariya. Suka zo da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau. Maza suka biyo ƙamshin abinci, samari suka biyo maza, masu gyaran mashin suka wanke hannu suka shigo. Aka toshe tagogi da buhuna don a sami duhu. Rabon ginin nan da ya cika haka tun kafin kulle.

Amma Baba Majigi bai tayar da inji ba. Yana zaune da makullin ginin a aljihu, yana duban ƙofa. Zafi ya fara damun mutane, samari suka fara, "Baba, a fara mana." Ya ce ba a fara kallo sai manya sun zauna, ko sun manta ne. Ya san cikar gidan ba za ta amfane shi da komai ba in wadda aka yi dominta ta ji an yi mata rashin kunya.

Sai hayaniyar bakin ƙofa ta mutu. Mama Afiniki ta shigo, ba anko a jikinta, tsohon zanenta na zaman gida ne, da wata baƙar leda a hammata. Aka tashi za a ba ta bencin gaba, ta ɗaga hannu, ta zauna a na ƙarshe kusa da ƙofa.

"Na zo ne in ga ko mutane sun dawo," ta ce.

Baba ya danna inji. Coci ya bayyana a jikin ƙyalle, bencina a jere ba kowa, Fasto da takunkumi, ga Eli cikin kwat yana ta gyara wuya. Baba ya ɗauki makirufo, da ya buɗe baki sai tsohon halin ya dawo. Ya ce ku dubi ango, tun yana yaro haka yake yi in ya saci nama a tukunya. Aka yi dariya. Amarya ta shigo, mata suka ce kai, yarinyar nan ta iya tafiya. Da Fasto ya ce a miƙe tsaye, ba wanda ya shirya haka, sai duk gidan kallon ya miƙe. Da 'yan mutanen cikin bidiyon suka ɗauki waƙa da siraran muryoyinsu, matan Zumunta suka karɓe ta, tuluna suka amsa, har kwanon rufi ya ɗauka. In Fasto ya yi addu'a, amin ɗin Kafanchan ce ke rufe ta Sabon Tasha. Mama Afiniki kaɗai ce a zaune, ledarta a kan cinya.

Aka zo wurin da Baba ya sani. Fasto ya dubi takardarsa, ya ɗago, ya ce, "Ina iyayen ango? Wa zai karɓi wannan 'ya a madadin gidansu?" Eli ya waiwayo ya dubi bencin gaba, inda uwarsa za ta zauna da an yi yadda aka so. Mai ɗaukar bidiyon a bayan bencin yake tsaye, saboda haka idon Eli ya faɗo kai tsaye cikin gidan kallo.

Nan Baba Majigi ya danna inji. Komai ya tsaya. Fuskar Eli ta cika ƙyalle, ɗinkin Tamar ya raba masa hanci, idanunsa sun ciko, ga bencin a gabansa ba kowa.

"Jama'a," Baba ya ce, kuma ba wasa a muryarsa, "Fasto ya yi tambaya. Ba zan sake shi ba sai an amsa."

Ko tari ba wanda ya yi. Ba saurayin da ya ce a sake shi. Baba yana jin makulli yana danna masa cinya, yana jin idon Tamar a ƙeyarsa, bai yarda ya waiwaya ba. A ransa ya ce shi ke nan, ya kai kansa, gobe sai ya nemi inda zai jingine bencina.

Sai aka ji ƙarar leda daga baya.

Mama Afiniki ta ciro shuɗiyar atamfa, ninkinta na tela ko warwarewa ba a taɓa yi ba. Ta miƙe, ta ɗaura zanen a kan na jikinta, ta ɗaura ɗankwali a hankali, ta gyara shi ta sake gyarawa, don ba a zuwa auren ɗa da karkataccen ɗauri. Ta bi tsakiyar bencina, mutane suna janye ƙafafu, har ta shiga cikin hasken inji, inuwarta ta faɗa daidai kan bencin nan da ba kowa.

"Ga ni nan, Fasto," ta ce. "Ni ce uwar ango. Hanya ce ta tsare ni."

Ta miƙa hannu ta dafa ƙyalle a gefen da Patricia take tsaye cikin farar riga. "Na karɓe ta. Zo, 'yata."

Tamar ce ta fara guɗa, sauran suka ɗauka. Abin da ya biyo baya, wanda bai gani ba an bar shi a baya. Tuluna suka kaure, mata suka zagaye Mama suna rawa suna kuka, zif ɗin da suka rage suka ƙarasa tsinkewa. Baba Majigi ya saki Fasto ya ci gaba, amma ba wanda ya ji abin da ya ce. Shi kansa Baba ya ajiye makirufo ya shiga fili da gwiwoyinsa masu gardama, farin ciki ya cika shi har bai san lokacin da tabarau ya faɗi ba.

Da aka ɗan lafa, Mama ta zauna a bencin gaba ta ce a mayar baya, ba ta ga takalmin amarya ba. Aka mayar. Ta ce a sake mayarwa, tana so ta ji yadda yarinyar ta yi alkawari. Tamar ta kira Eli ta miƙa mata wayar, wannan karon ta karɓa.

"Eli," ta ce, "ka rame a ranar, ba ka ci abinci ba ne? Ba ni matarka."

Sai ga muryar Patricia ta fito a wayar.

Ana kwashe kwanuka Baba ya matso ya rusuna, hannunsa a aljihu. Mama ta riga shi. Ta ce Asabar mai zuwa a sake nunawa, dangin marigayi ba su gani ba, kuma za ta sa Eli da matarsa su zo su zauna kusa da ita su kalli aurensu da mutane.

"Mama, sabuwar citta fa ta kusa."

"Citta ta nemi wani wuri," ta ce. "Fitar da hannunka daga aljihu."

Tun kafin a gama shara mutane suka fara tare shi da wayoyi. Ashe kusan kowane gida yana da abin da aka yi a shekarar nan ba tare da jama'a ba: sunan jariri, baiko, yaron da ya gama makaranta ba a yi masa rawa ba. Duk suna kwance a cikin waya, an kalla a tafin hannu an ajiye, amma rai bai ƙoshi ba. Yanzu Asabar ɗin Baba Majigi sai ka kama layi. Waɗanda suka zo kallon kansu kuma suka tuna daɗin zama a duhu da mutane, sai ga su ranar Laraba sun dawo kallon fim, wayoyinsu a aljihu, suna gardama in ya tsayar. Tamar ta sayi bokiti na biyu, mai murfi.

Sabuwar citta ta fito, Justin ya sami wani sito a hanyar tasha. Wata la'asar Baba yana goge inji sai ya ga inuwa a bakin ƙofa. Justin ne. Baba ya miƙe yana shirya kalmomin ban haƙuri, don ya san ya hana mutumin wurin da ya ƙwallafa rai a kai. Amma Justin bai dubi bango ba, bai dubi rufi ba. Ya tsaya yana juya waya a hannu.

"Babana ne," ya ce. "Ya rasu a Zonkwa lokacin kulle. Ina nan garin ina gadin buhuna, hanya a rufe. Tsoho ne, ya ga jikoki, irin wanda ake raka shi da rawa. Mutane kaɗan ne suka kai shi." Ya dubi farin ƙyallen. "Wannan yana ɗaukar jana'iza?"

"Yana ɗauka," Baba ya ce. "Ka gaya wa mutanenku su zo da ganga."

Justin ya gyaɗa kai, amma bai tafi ba. Ya sake juya wayar.

"Akwai wurin da Fasto ya tambaya ko ɗan fari yana nan."

Baba Majigi ya karɓi wayar da hannu biyu.

"Zan tsayar da shi," ya ce.